Wasiyyar Barakatu Kan Murhu Mai Ƙafa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ni ce Barakatu 'yar Seini, mai kifin banda, mazauniyar Aboabo a nan Kumase. Ina rubuta wannan da hankalina garau, ba zazzaɓi, ba wanda ya matsa mini. Likita ya ce zuciyata ta gaji, ni ma na ji haka a jikina. Amma kada ku karanta da fuskar makoki, 'ya'yana Abdul-Manan, Samiratu da Latif. Wallahi ban taɓa jin daɗin shekara kamar bana ba.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa gado ne, Malam Karimu zai raba muku yadda Allah ya ce. Maganata a kan sulusi ce kawai, kuma na bayar da shi gaba ɗaya a sayi ƙarfe da raga a ci gaba da ƙera murhu mai ƙafa. Ga dalili, don jikokina su sani.

Shekara arba'in da ɗaya ina sayen kifi wurin mace ɗaya, Daavi Afi, a ƙauyensu na bakin teku can bayan Anloga. Ranar da na fara zuwa, daga murhunta zuwa ruwa sai ka wuce layin kwakwa uku da filin ƙwallo. Yau jiragen masunta ne ke bi ta kan wurin. Murhun laka gare ta kamar kowa, teku ya cinye shi sau huɗu. Kowane karo sai ta ja baya, ta sake kwaɓa laka, ta jira ta bushe. Sati uku ba banda, kifi na ruɓewa a kwando, ni kuma teburina a kasuwar Asafo wayam. Karo na huɗu ina wurin. Da hantsi ne, ba hadari ba iska, ruwa kawai ya taho ya shiga tsakar gida har gwiwa. Muka kwashe raga muka gudu, muna waige murhu yana narkewa kamar sukari a koko. Daavi ta zauna kan turmi ta ce ta gama, za ta koma wurin ɗanta a Tema ta jira ranarta.

A motar dawowa tunanin ya zo mini. Tunda ruwan nan kullum matsowa yake, a yi murhun da za a iya ɗauka mana! Abdul-Manan, ka tuna dariyar da ka yi mini a shagonka na walda a Magazin, ka ce ko murhun zan ɗaura wa takalmi. Duk da haka ka zauna ka yi. Na farko ya yi nauyi, maza shida suka kasa ɗaga shi. Na biyu ya ƙone kifin ƙurmus. Na uku ne ya fito: ganga a tsage, ƙafa huɗu tsayin ƙugu, mariƙi a kowane gefe, mata huɗu sun isa su ɗauke shi. Na kai wa Daavi, ta fasa tafiya Tema. A azumin da ya wuce ruwa ya sake shigowa. Daavi da 'ya'yanta suka ɗauke shi da garwashinsa da kifin a kai, har tudun makaranta, ko ɗaya bai jiƙe ba. Ta kira ni a waya tana ihu, yaren Ewe da Twi a cakuɗe, rabi ban fahimta ba. Na miƙe na rangaɗa guɗa a tsakiyar kasuwa har maƙwabta suka zaci aure aka ɗaura.

Na biyu, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Abdul-Manan, wata bakwai ke nan ba ka gaisa da ƙanwarka ba, don ta ɗauki awon murhu ta ba wani mai walda a can bakin teku. Na san zafinka. Kai ka ƙone yatsu, kai ka ɓata ƙarfe sau biyu, sai ka ga wani yana ƙera shi ko sunanka bai sani ba. Amma Samiratu ba cin amanarka ta yi ba, ni na aike ta, kuma da na gaya maka tun farko da ba a kai nan ba. Wannan laifina ne, ka yafe mini. Iskar gishiri na cin ƙarfe, ƙafa ɗaya in ta tsattsage ba mai ɗauko murhu har Kumase a gyara. Dole a sami mai hannu a kusa da su. Daga yau awon nan ba na ɓoyewa ba ne. Duk wanda ya tambaya, ka zana masa a takarda, ka nuna masa inda ka yi kuskure. Ke kuma Samiratu, ki je shagon yayanki da ƙafarki, ki durƙusa ki gaishe shi. Bakinki ya yi kaifi ranar suna a Ayigya, kin sani.

Na uku. Latif, ina roƙon yayyenka su bar maka teburin kasuwa cikin kasonka, don kai ka san kifi da hanci. Kada ka canza wurin saye don an ce na wani gari ya fi araha. Ko sau goma Daavi da matan ƙauyensu suka ja baya, ka bi su. Sannan dabararka ta yin banda da dussar katako maimakon itace, kada ka bar ta. Motar da a da ke sauka bakin teku fayau, yanzu tana tafiya da buhunan dussa daga masu yankan katako, ta dawo da kifi. Tun da aka fara, matan sun rage saran itatuwan bakin ruwa, waɗanda saiwarsu ke riƙe ƙasa. Da idona na ga inda suka dasa sababbi, ƙanana kore shar a cikin taɓo, har ƙaguwa ta dawo. Na tsaya ina ta dariya ni kaɗai kamar yarinya.

Na huɗu. Zanena shuɗi mai zanen tsuntsu na riga na ba Daavi kyauta, a kai mata hannu da hannu. Ita coci take zuwa, ni masallaci, amma duk zuwana ita ke shimfiɗa mini tabarmar salla. Ɗakin baya kuma, ko a kason wa ya faɗa, roƙona a bar ƙofarsa a buɗe ga duk wanda teku ya raba da gidansa. Kuma kada in ji ɗayanku ya ce wautar mutanen bakin teku ce ta hana su tashi. Mu da rafin Aboabo ke shigo mana ɗaki duk damina, mun tashi? Iyayensu na kwance a ƙasar nan. In ranar ƙaura ta zo su za su faɗa, ku kuma ku kai musu mota.

Na biyar. Murhu talatin da tara ke aiki yanzu a ƙauyuka huɗu. Na arba'in yana shagon Abdul-Manan, fenti kawai ya rage. Asabar ta farko bayan Babbar Salla za a kunna shi, matan sun ce za su yi kiɗa, na riga na ba da ɗinkin sabon kaya. In ina da rai ku sa ni gaban mota. In Allah ya riga ya kira ni, kada a ɗaga ranar. Ku tafi ku ukun a mota ɗaya, Abdul-Manan ya riƙe ashana, Samiratu ta jera kifi, Latif ya zuba dussa. Kifin farko da ya sauko a raba wa mutanen gari sadaka, ku ci ɗaya tare a faranti ɗaya.

Malam Karimu da maƙwabciyata Hajiya Rahamatu sun shaida. Na yafe muku duka, na ciki da na waje. Allah ya yi muku albarka, ya sa albarka a hannuwanku da 'ya'yanku, ya raba ku da ƙyashin juna. Ku riƙe zumunci, ku riƙa leƙa gidajen juna ba sai da dalili ba. Allah ya sada mu a Aljanna. Amin.

Uwarku,
Barakatu