Kalmomi Masu Gicciye

Zuwa ga Baba Malam Bulus,

Gaisuwa mai yawa da ban girma, cikin sunan Ubangiji. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, tun da ka riga mu gidan gaskiya. Amma maganar ta fi ƙarfin cikina, kuma ban da kai ba ni da wanda zan faɗa wa a ƙasar Ingilan nan.

Ka tuna ƙamus ɗin Turanci da Baturen mishan ya bar maka a Kafanchan, wanda gara ta cinye shafukansa na farko? Ka nuna mana wasu kalmomi da aka sa wa ɗan gicciye a gefe. Ka ce, "Abin da aka sa wa gicciye, ai shi ne zaɓaɓɓe." Su muka fi haddacewa. Welkin, sararin sama. Eftsoons, ba da jimawa ba. Yclept, mai suna kaza.

Ranar Kirsimeti a bakin majami'a, in na jefa ɗaya daga cikinsu, uwata da ba ta jin ko gaisuwar Turanci sai ta rangaɗa guɗa. Kai kuma kana gefe, kana gyara wuyan kwat.

Baba, da na zo kwas ɗin malanta, na zuba su duka a rubutuna na farko, ina jin na kawo tsaraba. Malamar da ta duba rubutun ba ta yi mini dariya ba, in faɗi gaskiya. Ta kira ni ofis, ta ba ni shayi, ta buɗe irin ƙamus ɗinka, nata da shafukansa cif. A shafukan farko aka rubuta cewa alamar tana nufin kalmar ta mutu, kakannin kakanninsu ma ba su yi magana da ita ba. Gicciyen kabari ne, Baba.

Da dariyar ta yi, da na sami wanda zan ji haushinsa.

Ba kaina nake wa kunya ba. Shekaru na yi ina koyarwa a Godogodo, abin da ka ba ni shi na ba yara, har da bulala. Akwai Danladi, wanda uwarsa ke ɗaukar citta a ka zuwa kasuwa don ya yi karatu. Ya fi kowa riƙe kalmomin nan. Jarrabawar shiga sakandare ta kayar da shi a Turanci, ni kuma na tsaya gaban uwarsa na ce masu duba takardu ne ke ƙin 'yan wajenmu. Na gaskata abin da na faɗa. Yanzu yana dakon kaya a tashar jirgi.

Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Na yi fushi da Baturen da ya ga gara ta ci littafi bai ce komai ba. Amma a wurinmu tsohon abu shi ne mai daraja, tsohuwar magana ita ake kai wa gaban dattawa. Ta ina za ka san akwai mutanen da ke binne kalmominsu? Kai da ka koya mini riƙe alli, ka raba doyarka da ni lokacin da babana ya kwanta ciwo.

Da bazara zan dawo. Malaman da na bari har yanzu gicciyen suke bi, don sun ji daga bakina. Dole in tsaya gabansu in warware, kuma za su tambayi wanda ya koya mini. Mama Saratu, matarka, tana nan da rai, ba abin da ya rage mata sai sunanka. Zan ce ni na koyar, ni ke da alhaki, in tsaya nan. Daga tasha kuwa, kafin in ga gida, Danladi zan fara nema.

Ubangiji ya ba ka hutawa, Baba. Ni kuma ya ba ni bakin da zan yi wa yaron nan magana.

Ɗanka a aji da a gida,
Ishaya