Hannun da Na Sa Don Rissa

Inna,

Gaisuwa mai yawa daga Dakar. Ya ƙafar taki, ya marayun yayana Jibrilla? Ni lafiya lau, karatu na tafiya, barci ne dai ya yi ƙaranci.

Abin da kika ji a Tawa gaskiya ne. Na sa hannu cikin masu roƙon kada a kashe Rissa, makiyayin da aka ce shi ya kashe Yaya. Inna, an yanke mishi hukuncin kisa ba tafinta, alhali Tamashek kaɗai yake ji. In ba shi ba ne fa?

Kunya ta hana ni kiranki, har kika ji a bakin maƙwabta. Ki gafarce ni, amma ba zan janye sunana ba.

Allah ya jiƙan Yaya.

Ɗiyarki,
Haula