Fuska Ɗaya Ta Rage a Bangon Masaƙa

Malama, a taimake ni da shawara. 'Yata ke rubutawa don ban yi boko ba, amma maganar tawa ce.

Tsohuwar masaƙar da na ƙare ƙuruciyata a ciki an mayar da ita gidan tarihi, an rataye hotunan ma'aikata. Da muka je, 'yata ta karanta mini abin da ke ƙarƙashinsu: "unknown", wato ba a san shi ba, wani wajen "unskilled", wai marar gwaninta. Ta ce "un" ɗin nan na farko shi ke kore magana. Na ce to ni zan kore shi. Dogo Mai Rini ne ba a sani ba? Mutumin da har ya rasu hannunsa bai rabu da shuɗi ba?

Kullum sai na je da kujerata. Mai gadi ya gaji da korata, muka zama abokai. Shugabar gidan ta zauna da ni, ina faɗin sunayen mutanen da ke cikin hotunan tana bincikawa, ba a kama ni da kuskure ba. Yanzu bango ya cika da sunaye, jikokin mutane na zuwa suna nuna kakanninsu.

Saura mutum ɗaya a wani hoto, a layin baya kusa da tukunyar tururi. Na tuna yakan yi fito in yana aiki, sunan ne ya kwanta mini. Yayana marigayi ya yi aiki a wurin, ba shi da hoto ko ɗaya a duniya. Ina so in ce shi ne, ba mai musa mini. 'Yata ta ƙi. Wa ke da gaskiya?

Tsoho Mai Kujera

Amsa

Baba, sannu da ƙoƙari, ka yi abin da ba wanda zai iya sai kai.

"Unknown" ba zagi ba ne, mai rubutun ne yake cewa bai sani ba tukuna. "Unskilled" kuma rukunin aiki ne a bakin masu kamfani, ba hukunci a kan hannun mutum ba.

Kewar yayanka abin tausayi ce, amma 'yarka na da gaskiya. An yarda da sauran sunayen ne don ba ka taɓa ƙari ba. Kuma wata rana jikar mutumin nan na iya zuwa ta tarar an ba wani fuskar kakanta.

Ka nemi a rubuta abin da ka tabbata: yakan yi fito in yana aiki. Wataƙila danginsa su gane shi. Sannan ka roƙi shugabar ta keɓe allo don ma'aikatan da ba su da hoto, a fara da yayanka.

Allah ya ji ƙansa, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.