Karatun Faransancin Hanan

Ƙanina Bashir,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Hajiya, ya Maryam da goyo? Muna lafiya a nan unguwarmu ta Sentul, sai kullen korona.

"Yaya, sa Hanan a firamaren Faransanci, zan riƙa jin karatunta ta waya kowace Asabar." Kai ka faɗa. Asabar tara, shiru!

Makarantar ta kyauta, malamarta har ƙarin darasi take mata ta kwamfuta. Amma sunanka na rubuta musu a matsayin mai sauraron karatunta, yarinya kuma ta fara cewa Kawu ya manta da ita.

In Asabar ɗin nan ta wuce ba ka kira ba, zan ba malamar lambarka, ka yi mata bayani da Faransancin naka.

A sa mu a addu'a. Gaishe da Hajiya.

Yayarka,
Rabi