Giwar Tela da Giwar Direba

Zuwa ga surukina Direba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, da jikarmu Tsigi da ke hutu a wurinka. Ka yi haƙuri da manyan baƙaƙe. Ka san yanar da ke idona, sai na yi rubutu kamar na allon talla nake ganin abin da na rubuta. Na zaɓi takarda ne don a waya bakina yana riga hankalina.

Jiya ɗana ya kanga min wayarsa a fuska ya ce, “Baba, ga mutuniyarka a gandun namun daji.” Na ga wata 'yar inuwa mai malafa a wuyan wata babbar inuwa mai tumbi. Tumbin na gane.

Malam, in ba ka sani ba yau ka sani. Tun Tsigi tana rarrafe a ƙarƙashin keken ɗinkina akwai magana tsakanina da ita. A bangon shagona akwai hoton giwa da na yanko daga tsohuwar kalanda, a kansa ta koyi nuni da yatsa. Na ɗinka mata giwa da ragowar ƙyalle, maɓallai biyu ne idanun. Ban taɓa ganin giwa ba, ita ma haka, sai muka ƙulla cewa ranar da likita ya cire min yanar nan tare za mu fara ganinta. Ana ta ɗaga ranar aikin, wannan ba laifina ba ne. Kai kuwa aron yarinya aka ba ka na hutu, ka saɓe ta sai daji.

Ban ce ka yi laifi ba. 'Yarka ce ta haife ta. Amma gari cike yake da wuraren wasa, da lilo da komai, duk ba su yi maka ba?

Abu ɗaya nake tambaya: ta ga giwa?

Ka huta lafiya.
Surukinka, Tela

*

Malam Tela, sarkin allura da fushi,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, tun daga bakin ƙofa muka fara karanta ta saboda girman rubutu. Tumbin yana gaishe ka.

Wallahi ban san da wani alkawari ba. Maƙwabcina ne ya ce akwai motar da ke kai mutane yini guda, da mai jagora da abinci, na ce to bari yarinya ta sha iska. Da sassafe aka loda mu a wata mota marar rufi. Yaron da ke tuƙi yana sa giya kamar yana faɗa da ita, na gaya masa gaskiya, bai gode ba.

Mai jagoran wani siririn saurayi ne mai koren kaki. Ya ce kar a sauka, kar a ɗaga murya, kar a ba dabba abinci. Ta ƙarshen ni na karya ta, amma ba da son raina ba. Na ciro biredi ke nan wani ƙaton biri ya diro daga reshe, ya karɓe shi a hannuna kamar aike aka ba ni. Tsigi ta yi dariya har da shaƙuwa.

Itatuwan nan, Malam, sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi ba ka ga ƙarshensu ba. Ga zafi, ga laima, riga ta manne wa mutum. Mun ga ɓauna, mun ga dorina ta yi hamma, mun ga kada da Tsigi ta rantse gungume ne har sai da ya motsa. Ta ishi mai jagoran da tambaya har ya rataya mata madubinsa na hangen nesa don ya samu ya huta.

Batun giwa kuwa an ɗaure min baki. Mai ɗaurin ta ce ita za ta faɗa in ta ga dama. Jibi za ta dawo muku, ka tambaye ta.

A gaida masu ɗinkin sallah da na bashi. Allah ya ba ka lafiyar ido.
Naka, Direba

*

Zuwa ga Direba,

Sallama da gaisuwa kamar kullum. Tsigi ta iso lafiya, mun gode.

Sai dai ba Tsigin da na ba da aro ba ce. Daga safe har yamma, “Kaka Direba ya ce, Kaka Direba ya yi.” Tana hawa bencin shago tana yi wa masu kawo ɗinki hammar dorina. Labarin birin da ya yi maka fashi na ji shi har na haddace, kuma gaskiya ni bayan birin nake.

Giwa ce kawai ba ta ambata. Shekaranjiya na fara ba ta labarin da muka saba, na giwar da ta zo a auna ta a ɗinka mata wando, wanda a da take gyara min in na yi tsallake. Ta ce, “Kaka, bari wannan,” ta fice. Giwar ƙyallen da take kwana da ita ta tura ta can ƙasan aljihun keke, inda nake zuba karyayyun allurai. In ta zo wucewa ta wajen hoton bango sai ta sunkuyar da kai.

Ba sai an gaya min ba. Gani ya kori ji. Wanda ya ga ta gaske me zai yi da ta tsumma mai idon maɓalli?

Kishi nake, na faɗa, kuma ban ji kunya ba. Kai kana da mota a hannu da labarin garuruwa, abin da nake da shi a wurinta giwar nan ce kaɗai, ita ma ka haɗa da ita. Jiya kuma likita ya sake ɗaga ranar, ya ce ko an yi aikin kada in sa rai da yawa. Ka ga ashe ka kyauta da ba ka bari ta jira ni ba.

Wassalam.
Tela

*

Malam Tela,

Gaisuwa. Yau ba wasa a bakina. Na yi wa yarinya alkawarin yin shiru, ga shi ka sa zan karya.

Da la'asar muna hanyar fita, kusa da rafi, yaron ya kashe mota. Mai jagoran ya ɗora yatsa a baki. Sai ga uwar giwa da ɗanta sun ratso ta gabanmu, kusa ƙwarai, har ina ganin ƙudan da ke bin idonta. Kowa ya ɗaga waya. Na juya in ɗaga Tsigi, sai na tarar ta ja malafa ta rufe fuska, ta danne da hannu biyu, ta cusa kai a cikin tumbin nan da kake zagi.

Na ce, “Ke, buɗe ido, ga giwa!”

Ta ce, “Kaka Tela bai zo ba.”

Mai jagoran ya yi ta lallashi cikin raɗa, ya ce wasu sai su zo sau da yawa ba su dace ba. Ta ƙi. Sai da ya rantse mata sun shige kurmi sannan ta ɗago.

A hanyar gida ta fashe da kuka. Wai ta ji numfashinta, ta ji kunnuwanta suna faf-faf, ta ji warinta, ta ji mota tana rawa. Ta ce, “Kaka, na rufe ido amma kunnena ya ƙi rufuwa. Shi ke nan na karya?” Abin da ya sa take gudun giwarka ke nan. Gani take ta ci amanarka.

Kuma kai ne mai kishi? Ni na ɗauke ta a wuya yini guda, ni sauro ya ci, ni biri ya wulaƙanta, amma da babbar ta fito, sunanka aka kira kana can zaune a shago. Tun ranar nake jin haushinka, ba ni dai da allura ne da zan soka a takarda.

Sai ka san yadda za ka yi da ita.
Direba

*

Surukina,

Ɗana ya karanta min, sai da na sa ya maimaita.

Na kira Tsigi na ce ta gaya min yadda giwa take numfashi. Ta kama kaina ta hura min a kunne. Na ce mata alkawari yana nan garau, ta ciro giwar ƙyallen ta kakkaɓe.

Na daina jiran likita. Ka kama mana kujera uku a motar dajin nan ranar Asabar. Ita za ta buɗe ido, ni kuma ta ce za ta koya min yadda ake yi in ba a gani.

Kujerar kusa da ita tawa ce. Kai ka zauna baya ka riƙe biredi.

Naka, Tela