Na Rantse Cewa Ban Fita Daga Ɗakin Ba

Daga admin: Wata dattijuwa ce ta turo da murya, mun rubuta yadda ta faɗa. Ta ce a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum 'ya'yana da jikokina. Don Allah ku ba ni shawara, ni da ake sallama a ƙofata a nemi tawa, yau ga ni ina roƙo.

Ni tsohuwa ce a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi. Ban yi boko ba, amma ku tambaya a garinmu, rabin magidantan da ke zama a ƙofar masallaci ni na yanke musu cibiya. A wajenmu matar aure ba ta fita neman magani ita kaɗai, sai an haɗa ta da babba, kuma babbar da maza suka fi yarda da ita ni ce. Miji zai tafi gona ko ya hau motar Kano, sai ya leƙo ya ce Iya ga mai ɗakina babu lafiya, a raka ta. Ina jin daɗin wannan girma, ba zan ɓoye muku ba.

To akwai wani mai kemis da ya zo ya zauna mana, mai fara'a, har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe ni. Idan na kai mace sai ya ce zazzaɓin ya yi ƙarfi, sai an sa ƙarin ruwa da allura, allurar kuma tana sa barci. Ya ce Iya ɗakin nan zafi, ga benci can a inuwa, ya miƙo min goro. Ni kuwa in zauna ina ba masu wucewa labari, har ya leƙo ya ce ta farka. Ta fito jiri na ɗibarta, in riƙe ta zuwa gida ina sa masa albarka. Shekaru muna haka.

Asirinsa ya tonu ne ranar da wata ta farka allurar ba ta gama kama ta ba, ta kurma ihu. Aka kama shi, mata uku suka daure suka tsaya gaban alƙali a Kano, aka yi ta kai da kawo fiye da shekara, a ƙarshe aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Ranar har kabbara aka yi a gari. Amma cikin ukun nan, biyu yanzu suna gidan iyayensu. Mazajen ba su ce matan sun yi laifi ba, cewa suka yi kawai zuciyarsu ba za ta iya ba. Ta ukun tana ɗakinta, amma ko suna ko biki ba ta ƙara leƙawa ba.

Abin da ya hana ni sakat shi ne matar autana. Ita ma na taɓa kai ta, lokacin cirar gyaɗa. Ranar ko bencin ban zauna ba, ana suna a gidan da ke kallon kemis ɗin, na tsallaka na ci tuwo, mata suka zagaye ni ina zuba har aka kira la'asar. Da na dawo na tarar da kallabinta a ƙasa, ɗaurin zaninta kuma ba shi ne wanda ta fito da shi daga gida ba. Na gani da idona. Na ce wa kaina mai barci ai juyi take yi.

Ranar da aka kama mutumin, ɗana ya shigo ɗakina idonsa ja, matar tasa tana tsaye a bayansa, ya tambaye ni ko na bar ta ita kaɗai. Na ce ni ce zan bar surukata? Na rantse da Allah cewa ina zaune a gefen gadon har ruwan ya ƙare. Ya sauke ajiyar zuciya ya ce tunda Iya ta faɗa an gama. Na ce wa kaina don aurensu na yi, amma tsakanina da Allah har da sunana na kare.

Shi ya samu natsuwa, ita ba ta samu ba. Yarinyar da dariyarta ke cika gida ta rame, ta yi wanka sau huɗu a yini, mijinta ya matso ta hau rawar jiki. Tana cewa jikinta yana faɗa mata abin da ba ta tuna ba. Aka ce aljanu ne, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, ni da kaina nake riƙe mata kai malam yana karatu. Danginta sun fara maganar asibitin masu taɓin hankali, ɗana ya yi musu faɗa, ya ce sai dai a ƙara haƙuri, amma na ga shi ma ya fara gajiya.

Shekaranjiya muna ɓarar gyaɗa mu biyu, ba ta ɗago kai ba ta ce, “Iya, in dai kina cikin ɗakin ranar, to ni ce mahaukaciya, sai in yarda a kai ni. Ki sake faɗa min sau ɗaya kawai.” Na ce gyaɗar nan ta yi danshi, na tashi na shige ɗaki.

'Ya'yana, in na faɗa mata, ba mai iya ɓoye wa mijinta ba ce, kuma na ga inda biyun can suka ƙare, ga ta da yara uku. In na yi shiru, za a ɗauki mai hankali a kai ta cikin mahaukata da shaidata. Rantsuwar kuma tana wuyana, ban san ko azumi yana wanke irinta ba, ba ni da fuskar da zan tambayi limamin da ni na karɓi haihuwarsa.

Ran Asabar yayanta zai zo da mota ya kai ta asibitin. In kira ta ita kaɗai in faɗa mata, ko in fara da ɗana? Masu ilimi a cikinku ku gaya min, don Allah kar ku duba tsufana.