Na'urar da Ba Ta Jure Zafin Yako

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya sayar mana da na'urar intanet ta gida,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali?

Ni tsohon malamin makaranta ne a Yako. Tun rasuwar mai ɗakina ni kaɗai nake kwana a gidan nan. 'Yata guda ce, tana aikin jinya a ƙasar waje. Ita ta saya mini na'urarku, wadda yara ke kira rauta, don mu riƙa ganin juna ta waya.

Na farko, yaronku da ya zo haɗa ta ya zagaye gidan kaf, bai sami sabis ba sai can sama, dab da rufin kwano. Nan ya buga ƙusa ya rataye ta. Ko sau ɗaya bai ce mini ba ta son zafi ba.

Na biyu, 'yata ba ta samun sarari sai tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kwano ya gama shan rana. Muna gaisawa hoto zai daskare, sai ɗif. Ka taɓa na'urar, kamar murfin tukunya. In na sauko da ita kusa da randa ta huce, amma babu sabis. In na mayar da ita sama, ga sabis ga wuta. Wallahi har kan kujera na hau, da furfurata, ina yi mata fifita!

Na uku, na kira ofishinku, wata yarinya ta ce a wajenku komai lafiya lau. To madalla. A ɗakinku mai sanyi kuka gwada na'urar, ko?

Yanzu 'yata ta haƙura da kira. Saƙon murya take turowa, ba ya shigowa sai bayan magariba in na'urar ta huce. Kewa tana damuna, ba zan ɓoye maka ba.

Roƙona, ku turo wanda zai fitar mini da eriya waje, na'urar ta zauna a inuwa. Ku kuma riƙa yi wa masu saye bayanin zafin nan da Hausa.

Allah Ya ƙara wa kasuwarku albarka, Ya raya maka zuri'a. Allah kada Ya nuna maka ranar da za ka zauna kai kaɗai a kan tabarma, 'yarka ta yi maka sallama ta waya, ka amsa da ƙarfi, ita kuwa ba ta ji ba.

Wassalam.